Allon Sukari a Saukar Hauwa'u

Ku 'yan kallon bidiyo a waya, ku matso kusa. Jiya wani a cikinku ya tare ni a tashar Gezawa, ina ɗauke da kwalin kek kamar mai tallan ƙwai, wai in koya masa "abin nan" cikin sati biyu, tunda ya gani a waya minti ɗaya ake yi. Minti ɗaya! Na ce masa mutumina, a waya har bene ake ginawa a minti ɗaya, je ka kwana a ciki mu gani. Shekarata tara a wannan sana'a, kuma har gobe in zan shimfiɗa fondan, lulluɓin sukarin nan, a kan kek sai na riƙe numfashi. Ba wa'azi zan yi muku ba, ni aji biyu na yi a sakandare na ce wa boko sai an kwana biyu. Abin da hannuna ya sani kawai zan faɗa.

Aikina na farko ba kek ba ne, wanke-wanke ne. Sunana Sadisu, ɗan Malam Isa manomi. Da Baba ya gaji da ganina a gindin dalbejiya ina tsokanar masu wucewa, sai ya tura ni Rijiyar Zaki wurin ƙanwar innarmu, Anti Rabi, wadda take yi wa 'yan jami'a kek. Wata huɗu cur ban taɓa ƙwai ba. Daga wanke kwano sai tankaɗen sukari. Ranar da na gaji na ce, "Anti, ni fa kek na zo koya, ba aikatau ba."

Ta ɗauki kwanon da na wanke, ta goga yatsa a ciki, ta nuna mini. "Ka ga maiƙon nan? In ka kaɗa farin ƙwai a nan, har la'asar ba zai tashi ba. Koma ka sake, Oga mai kek."

Abokaina kuwa sun samu abin yi. In na zo gida hutu sai su ce ga Hajiya Sadisu ta iso, a ba ta zani. Nakan ce musu ku bari kawai, ranar aurenku ni zan zo da abin da amarya za ta fi ɗaukar hoto da shi, ba ku ba.

Bari in bambance muku kayan, don ku daina kiran komai "farin saman nan". Akwai kirim ɗin bota: bota ce da sukari mai laushi, a buga su har su yi fari su yi sauƙi. Anti tana da inji, ni da muciya na fara, shi ya sa damtsena na dama ya fi na hagu. Akwai fondan: sukari ne kwaɓaɓɓe mai danƙo, a murza shi ya yi faɗi a lulluɓe kek da shi kamar an shimfiɗa sabon zanen gado. Sai hodar ƙyalli, ruwan gwal ko ruwan azurfa, wadda ake ci. Ita ce take sa ƙauye ya taru. A bidiyon da kuke kallo da giya suke kwaɓa ta don ta bushe da wuri. To ka gwada wannan a garinmu. Mu da ɗigon lemon tsami muke yi, kuma in ya yi yawa fondan ya jiƙe ya yi kamar majina.

Fondan na farko da Anti ta bar ni na shimfiɗa, na wata ɗaliba ne, shuɗi. Na murza, na tsaya ba da labari, ya sha iska. Ina ɗora shi ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Anti ba ta yi faɗa ba. Ta ce in ɓare, in sake kwaɓawa, in sake murzawa. Sau biyar. A na biyar ɗin ne na gane fondan ba ya son mai surutu, kuma ni Allah ya yi ni da baki. A ranar ta kafa mini dokar da har yau ban karya ba: ba a kai kek wurin biki hannu biyu. Ka tafi da kirim na gyara a cikin kula mai riƙe sanyi, da wuƙar shafe, da ledar matsi ta yin furen kirim, da burushi, ko da gidan yana bayan katangarku.

Da na dawo ƙauye na buɗe nawa, Baba ya ba ni ɗakin da ke cikin zaure. Kayan aikina ku ji su: faifan juyawa da cibiyar ƙafar keke mai walda ya haɗa mini, abin murza fondan bututun ruwa ne na roba, gashi kuwa a tukunya da yashi a kan gawayi, kafin na samu a ƙera mini oban na gashi da rabin duro. Firji? Wace wutar? Gindin randar Inna ne firjina, a kan jiƙaƙƙen yashi nake ajiye kwanon kirim. Masu saye kuma Allah ya ba ku haƙuri. Wata za ta danna kek da yatsa kamar tana zaɓen mangwaro. Wani ya ce a yi masa mai hawa uku amma kuɗin ƙosai ne a hannunsa. Akwai tsohuwar da na kwana biyu ina yi wa jikarta furanni, ta ɓare fondan ɗin tas ta watsa wa kaji, wai ta ɗauka leda ce.

Sai shekarar tsiya ta zo, shekarar da komai ya tashi sama. Fulawa ta tashi, sukari ya bi ta, bota kuwa sai dai ka gaishe ta daga nesa. Mutane suka koma cincin da dubulan, suka ce kek ba farilla ba ne. Gaskiyarsu. Wata uku na yi, aiki biyu ƙanana kawai na samu. Ina zaune ina goge kwanukan da ba su yi datti ba. Rannan da hantsi Baba ya leƙo, ya dubi ɗakin sama da ƙasa, ya ce:

"Sadisu, daga yau zuwa ruwan shuka. In wannan wasan yaran bai zama sana'a ba, ka kwashe kwanukanka. Taki zan zuba a ɗakin nan, kai kuma ka bi ni gona."

Na ce, "Baba, taki a inda ake kek?"

Ya ce, "Takin dai na san abin da yake haifarwa."

Ba na raina noma, shi ya ciyar da ni. Amma ban yi wata huɗu ina wanke kwanon Anti don in dawo in ba buhun taki ɗaki ba.

Ana cikin bazara, zafi kamar a gasa gurasa a kan dutse, sai ga Alhaji Sule mai awon gyaɗa. 'Yarsa Hauwa'u ta sauke Alƙur'ani, ita ce mace ta farko da ta sauke a gidansu, za a yi walima. Ya zo da allon saukarta a naɗe cikin ƙyalle, allon zayyana, an yi masa ado ja da kore da ruwan ɗorawa, ga Fatiha a tsakiya. Ya ce, "Irin wannan nake so sak, amma na ci. Za ka iya, ko in tafi birni?"

Na ce, "Alhaji, birnin ma wurina suke zuwa kallo. Har rubutun?"

"Har rubutun. Da ruwan gwal."

Kun ga a nan ne ya kamata kaina ya yi aiki. Bai yi ba. Abin da na hango kawai shi ne duk dattawan ƙauyuka uku za su zauna a walimar nan, in suka ga aikina, ɗakina ya tsira.

Kwana uku na yi a kansa. Na gasa faranti huɗu na haɗa, na yanka siffar allo har da kan nan nasa mai lanƙwasa. Na shafe shi da kirim siriri, na murza fondan ruwan katako, na ƙara masa garin da ke sa shi ɗan tauri don ya karɓi burushi. Zayyanar gefe da ɗan tsinke na bi ta gida-gida. Rubutun kuwa, sai da na yi alwala, na zauna da asuba kafin zafi ya taso, na kwaɓa gwal, na bi harafi-harafi ina duban allon gaske. Boko ne ya gagare ni, amma a makarantar allo har malaminmu yakan ba ni rubutun ƙanana. Da rana ta fito ta haske shi, wallahi ni kaina sai da na ja da baya.

Ranar walima na ɗauke shi a ka, a ƙafa, don ban yarda da ramukan hanyarmu ba, kula a rataye a kafaɗa. An kafa rumfa a ƙofar gidan Alhaji, an shimfiɗa tabarmi, dattawa sun cika, Baba yana cikinsu a sahun gaba. Hauwa'u ta yi karatunta tsaf, aka yi addu'a. Sai Alhaji ya ce a buɗe kwali. Jama'a suka ɗauki salati. Wayoyi suka tashi sama. Na gyara tsayuwa, na ɗan karkata hula. Aka miƙa wa Hauwa'u wuƙa mai ɗaure da kintinkiri.

Sai malaminta, Malam Habu, ya miƙe. Dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya. Ya gyara tabarau, ya sunkuya a kan kek ɗin, leɓensa yana motsi har ya kai ƙarshe.

"Wa ya rubuta wannan?"

Na matso da sauri, na ɗauka yabo ne. "Ni ne, Allah gafarta Malam."

"Hannunka yana da kyau. Babu kuskure ko ɗaya." Ya ɗago. "To a ina za a sa wuƙar?"

Ya nuna layukan da yatsa, ya ci gaba.

"Tsakanin wace aya da wace aya za ta bi? In an yanka an raba wa yara, wannan ya ɗauki rabin kalma, wancan nasa ya faɗi ƙasa a bi ta kai da takalmi. Haka kuka shirya?"

Wayoyi suka sauka. Daga baya na ji wani yana cewa, "Ɗan Malam Isa ne fa, dama shegantaka ce sana'arsa." Alhaji Sule ya fara share gumi, ya ce, "Ni dai cewa na yi ya yi kamar allo."

Na ce, "Alhaji, kai ka ce har rubutun."

"Na ce. Amma wa ke da sana'ar, ni ko kai?"

Kuma gaskiyarsa ke nan, ku riƙe wannan. Mai saye yana faɗin abin da idonsa ke so ne. Kai mai yi, kai ne za ka tuna cewa ƙarshen kowane kek wuƙa ce.

Alhaji ya ce a rufe kek ɗin a shiga da shi cikin gida. A kai shi ina? Ba a ci ba, ba a zubar ba, kuma kafin azahar zai narke ayoyin su zube a kan tebur. Hauwa'u tana tsaye da wuƙa a hannu, ta sunkuyar da kai. Baba bai dube ni ba, carbinsa kawai yake ja. Na san in kwalin nan ya rufu, gobe labarin ya riga ni zuwa kasuwar Gezawa: yaron da ya zuba Fatiha a abinci. Ko kyauta na ce zan yi, ba mai sake kirana.

Na cire takalmi na durƙusa gaban Malam.

"Allah gafarta Malam, jahili yana da tambaya. Allonta na kullum, in ta haddace abin da ke kai, ya ake yi da rubutun?"

"A wanke a kwano mai tsabta, a sha."

"To in na ɗago rubutun nan gaba ɗayansa, ko wasali ban taɓa ba, na miƙa maka?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Da me ka rubuta?"

"Hoda ce ta ci, da ruwan lemon tsami. Da alwalata kuma."

Ya sake duban rubutun. "In ka ɗago shi ɗungurungum, na karɓa. Amma in ya yage a hannunka a gaban jama'a, ka ga ka ƙara wani a kan wani."

Na ce, "A ba ni zaren ɗinkin hula, da sabon kwano, da ruwan ɗumi."

Yanzu ku ji aikin, ku masu minti ɗaya. Fondan ɗin nan bai fi kaurin kwali ba, faɗinsa ya kai kamu biyu, kuma na taurara shi, in ya lanƙwasa karyewa zai yi. Abin da ya riƙe shi da kek shi ne siririn kirim ɗin nan na ƙasa. Sa'ata ɗaya, zafin da kullum yake ɓata mini aiki ya riga ya sassauta kirim ɗin. Na wanke hannu. Na bi layin zayyana da bakin reza, nesa da rubutu da yatsa biyu, na zagaye shi. Na yanke murfin kwalin daidai faɗin wurin, na shafe shi da bota. Na naɗe zaren a yatsuna biyu, na cusa shi ƙarƙashin fondan daga sama, na fara ja a hankali, dama, hagu, dama, hagu, kamar mai zarto. In zaren ya yi sama ya yanka fondan, in ya yi ƙasa ya kwaso kek. Gumi yana zubo mini, ina kautar da kai don kar ya ɗiga a kan gwal.

Na wuce rabi sai na ga tsaga. 'Yar ƙarama, daga gefen hagu, ta nufi layin ƙarshe. Na tsaya cak. Wani ya ce a kawo ƙanƙara. Na ce kar wanda ya kawo, sanyi zai sa shi zufa rubutun ya gudu. Na lakaci bota a ɗan yatsa na shafa a bakin tsagar har ta kwanta. Amma an zo inda hannu biyu ba sa isa: sai wani ya tura kwalin a ƙasa daidai lokacin da nake jan zare, in ba haka ba nauyin zai sake buɗe ta. Na ɗaga kai na ce, "Wa zai riƙe mini?"

Duk masu wayoyin nan ba wanda ya motsa. Kowa yana tsoron a ce a hannunsa ta yage.

Sai na ga Baba ya ajiye carbi, ya naɗe hannun riga, ya zo ya wanke hannu a buta. Ya kama kwalin da hannuwan nan nasa da fartanya ta cinye.

Na ce, "Baba, kar ka danna, turawa kawai, kamar kana zura gurasa."

Ya ce, "Yi aikinka, sarkin surutu."

Na ja, ya tura. Na ja, ya tura. Ban san minti nawa ba, ni dai na ji ladan yana gwada lasifika. Da zaren ya fito ta ƙasa, rubutun gaba ɗaya yana kwance a kan kwali a hannun Baba. Malam ya sunkuya ya sake karantawa daga farko har ƙarshe, ya ce, "Alhamdu lillahi. Kawo."

Shi da kansa ya sa shi a sabon kwano, ya zuba ruwan ɗumi, ya dama da hannunsa har sukarin ya narke, gwal yana yawo a saman ruwa. Ya ba Hauwa'u ta fara sha, sannan 'yan ajinsu suka yi layi.

Ni kuwa ban tsaya kallo ba, don kek ɗina yana tsirara a tsakiya, duk ɓurɓushi. Na buɗe kula. Kirim ɗin gyara yana nan da sanyinsa. Na shafe ramin, na daidaita da wuƙa sau uku, na ɗaura bakin fure a ledar matsi na jera furanni a gefe don su rufe inda reza ta bi. Na rubuta HAUWA'U da boko, wannan dai ko an yanka ba mai tashi. Na tsoma busasshen burushi a hodar gwal na karkaɗa daga sama. Kafin a gama shan rubutu na ce, "Malama Hauwa'u, bisimilla, wuƙarki."

Ta dubi Malam. Ya ce, "Yanka, 'yata. Wannan kam kek ne."

Ko ɓurɓushi bai rage ba. Mutumin da ya ce shegantaka ce sana'ata sau biyu ya miƙo hannu, na gan shi, kuma na san gidansu.

Tun daga ranar, kafin in kunna gawayi sai na tambayi mai aiki abu uku: me za a rubuta, wa zai yanka, su wa za su ci. Aya ko sunan Allah ba sa hawa jikin kek ɗina. In ana so, a farantin fondan daban nake yi, da takarda a ƙarƙashi, a jingina a ɗauki hoto, a ɗauke a miƙa wa malam.

Bayan kwana uku da walimar, da hantsi, ina kankare kwano sai na ji sallamar Malam Habu a zaure. Suka gaisa da Baba, suka taɓa zancen zafi da na hadarin da ya fara haɗuwa a gabas. Sai Malam ya ce wurin yaron nan ya zo, ɗalibansa tara za su yi sauka tare, iyayen sun ce irin na gidan Alhaji Sule suke so.

Baba ya nuna ƙofata da carbi ya ce, "Ga shagonsa nan, Malam, shiga ku yi magana."

Shago. Na yi kamar ban ji ba, na shimfiɗa wa Malam buzu. Ya zauna ya dubi duron gashi, ya dubi ƙafar keken da ke juya faifai, ya girgiza kai. Ya ce rubutun a yi shi daban. Na ce an gama. Ya ce kar a sa wa kek ɗin hoton mai rai. Na ce an gama. Ya miƙe, har ya sa takalmi ɗaya, sai ya juyo.

"Sadisu, na ce ba. Wancan rubutun na ranar walima fa. Shekara arba'in ina ba yara rubutu suna yamutsa fuska, ranar nan har faɗa suka yi a kan kwano. Jiya na wanke allo na ba su, wani ya kurɓa ya ce mini, Malam, an manta sukari."

Na ce, "To a rage sukarin a na gaba, Allah gafarta Malam?"

Ya sa ɗaya takalmin. "Wa ya ce ka rage? Tun ranar yara shida suka zo da sabuwar hadda."